Amsa ga mai Fijo 504 da aka ɗaure wa tafet ta yi shiru amma ƙarfi ya gudu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce Fijo 504 ce ta Baba, Allah ya jiƙansa da rahama, ka tashe ta bayan ta daɗe a ajiye, tana ƙarar kas-kas-kas a saman inji, ka kai gareji bakanike ya buɗe murfi yana ɗaure tafet inji da zafinsa har ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, toh yanzu kuma ga wuyar tashi, ga karkarwa a silo, in ka hau tudu sai ta riƙa tari kamar za ta mutu. Kana tambaya ko injin ya lalace ne, kuma ko za ka iya yin saitin da kanka.

Abu na farko dan Allah ka ajiye motar nan, kar ka ƙara yin doguwar tafiya da ita sai an sake buɗe murfin nan an auna. In ba ka yi nisa da ita ba tun ranar, akwai kyakkyawan zaton babu abin da ya ƙone tukuna, kuma aikin da zai dawo da ita hayyacinta bai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba, kai da kanka ma za ka iya in kana da haƙuri. Amma bari in fara gaya maka abin da ya faru a cikin injin, don in ka gane shi ba wanda zai sake yi maka irin wannan aikin kana tsaye kana kallo.

Injin 504 na fetur, ko mai 1796 ne ko mai 1971, kamshaf ɗinsa a ƙasa yake cikin bulo, shi yake tura fushrod sama, fushrod ya ɗaga roka, roka kuma ta danna kan bawul ya buɗe, sifirin ya dawo da shi ya rufe. Toh tsakanin bakin roka da kan bawul ɗin nan dole ne a bar ɗan rata, shi ake gyarawa in an ce saitin tafet, siriri ne ƙwarai, na bawul ɗin shigar mai ma bai fi kaurin takarda ba, kuma ba kuskure ba ne da gangan aka bar shi. Dalili, ƙarfe in ya ji wuta miƙewa yake. Bawul ɗin hayaƙi kansa yana kaiwa wajen digiri 700 in mota na aiki sosai, ƙafarsa ta ƙara tsawo, toh wannan ratar ita ce wurin da zai miƙe a ciki. In babu ita, roka za ta riƙe shi a ɗan buɗe, ba zai zauna daram a mazauninsa ba. Kuma ka san bawul ba shi da ruwan da ke sanyaya shi kai tsaye, mafi yawan zafinsa ta wurin zaman nan da yake yi a kan mazauni yake sauke shi cikin tof silinda. Kaga in bai zauna ba matsala biyu ce lokaci guda, kwamfureshin yana zurarewa, shi ya sa take wuyar tashi take karkarwa, sannan wutar fashewar mai tana bi ta ɗan bakin da ya rage tana cin gefen bawul kamar wutar mai walda. Tarin nan da kake ji a tudu alamar haka ce, in ta kafireto take atishawa toh na mai ne ba ya rufuwa, in ta salansa take harbi ka fi zargin na hayaƙi.

Ni wannan abin da idona na gani tun ina yaron gareji. Wata wagon ce ta haya mai zuwa Jos, direban ya matsa shi dai ba ya son jin ƙara ko kaɗan, aka ɗaure masa yadda yake so, ko sati biyu ba a yi ba ya dawo da silinda uku. Da muka sauke tof ɗin, bawul ɗin hayaƙi ɗaya gefensa ya ɓalle kamar ɓera ya gatsa. Tun ranar ogana, Allah ya saka masa da alheri, ya hana kowa a cikinmu taɓa tafet sai da geji, wato siraran ƙarafan auna rata, a hannu, kuma har yau ban sake ba. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana cewa wai an saita da kunne. Injin nan an yi shi ne yana ɗan ƙara, wata 'yar ƙara mai daɗi iri ɗaya kamar keken ɗinki, in ka ji 504 ta yi tsit kwata-kwata toh a tsorace ya kamata ka kasance. Ban ce bakaniken naka mugu ba ne, da yawa cikin yaran yanzu a kan motocin da tafet ɗinsu ke saita kansa da baƙin mai suka koyi aiki, ba su taɓa riƙe geji ba, kuma masu mota su ne suke matsa musu a kashe ƙara.

Yanzu ga ma'aunin. A 504 mai fetur, bawul ɗin mai 0.10 ne na milimita, na hayaƙi 0.25, kuma inji a sanyi ƙalau. In gejin da ka samu na inci ne, 0.004 da 0.010 kenan. Sanyi kuma ba wai a kashe mota a sha shayi a dawo ba, aƙalla awa 6, ni dai nakan ce a bar ta ta kwana a yi aikin da sassafe kafin a tayar da ita ko sau ɗaya. Tof ɗin 504 na alminiyam ne bulo kuma ƙarfe ne, ba sa miƙewa daidai da juna, don haka abin da ka auna da zafi ba shi za ka tarar da safe ba. Wannan lissafin na fetur ne fa, in dizal ce ko an taɓa canza mata inji na wata mota, kar ka ɗauki lambobin nan, ka nemi na injin da ke ciki.

Kayan aiki ba su da yawa. Fila geji mai ɗauke da 0.10 da 0.15 da 0.25 da 0.30, za ka samu a Panteka in kana Kaduna ko Ƙofar Ruwa in kana Kano, ka duba wanda bai yi tsatsa ba bai lanƙwashe ba, lambobin kuma suna karantuwa. Sai sufana mai zobe wadda ta zauna cif a kan notin roka, kar ka yi amfani da mai buɗaɗɗen baki don tana cinye kafaɗar noti, sai sukudireba mai faɗin baki, sufanar fulogi, sabon gaskit na murfi, tsumma mai tsabta, da takarda da biro. Takardar nan kar ka raina ta, zan zo kanta.

Ka cire wayar batir ta ƙasa wato nagetif, ka sauke gidan iya-kilina in ya tare maka hanya, ka sa wa wayoyin fulogi alama kafin ka zare su don kar su rikice maka. Fulogin 504 a cikin rami suke can ƙasa, kuma motar da ta daɗe a ajiye ramin nan cike yake da ƙura da yashi, ka hure shi ka goge sosai kafin ka kwance fulogi in ba haka ba duk cikin silinda zai zube. Cire fulogin duka huɗu shi zai sa injin ya juyu da sauƙi a hannu. Sai ka kwance murfin saman. Da ka buɗe ka tsaya ka duba tukuna, ko'ina ya kamata ya kasance jiƙe da baƙin mai, in ka ga wata roka a bushe ko ta yi launin ƙuna, ko baƙin dauɗa ya daskare kamar kwalta, toh mai ba ya hawowa yadda ya kamata kuma wannan matsala ce daban da saiti ba zai magance ba.

Juya inji kuma da hannu ake yi ba da kik ba. Ko ka sa sufana a babban notin fulin ƙasa ka juya ta inda injin yake juyawa, wato in kana tsaye a gaban mota ta hannun agogo, ko ka sa giya ta 4 ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak ka sa wani ya riƙa juya maka ita a hankali, ka tabbatar ka sa duwatsu a sauran tayoyin. Kar ka ja fanka, ba a yi ta don haka ba.

Sai ka gane wanne ne na mai wanne ne na hayaƙi. Kowace silinda tana da biyu, wanda yake ɓangaren da bututun salansa ya fito daga jikin tof shi ne na hayaƙi, ɗayan na mai. In kana kokwanto ka juya injin kana kallon silinda ɗaya, za ka ga ɗaya ya buɗe yana gama rufewa ɗayan ya karɓa nan take, wanda ya fara shi ne na hayaƙi wanda ya karɓa na mai, daga nan sai su yi dogon hutu su biyun. Ka ɗauki lokaci a nan, don wanda ya juya su ya ba na hayaƙi 0.10 ya koma gidan jiya.

Toh ga inda mutane suke ruɗewa, ba a auna bawul a duk inda aka same shi. Dole sai tudun kamshaf ya juya masa baya gaba ɗaya. Hanyar da muke bi a Fijo mai sauƙi ce kuma bawul ɗin hayaƙi kawai za ka riƙa kallo. Wutar injin 1-3-4-2 take bi. Ka juya har na hayaƙin silinda 1 ya danne ƙasa iyakar dannuwarsa, sifirin ya matse, a nan za ka saita na mai na silinda 3 da na hayaƙi na silinda 4. Ka ƙara juyawa rabin zagaye, na hayaƙin 3 zai danne, ka saita na mai na 4 da na hayaƙi na 2. Wani rabin zagayen na hayaƙin 4 ya danne, ka saita na mai na 2 da na hayaƙi na 1. Na ƙarshe na hayaƙin 2 ya danne, ka saita na mai na 1 da na hayaƙi na 3. Zagaye biyu kenan ka gama duka takwas. Dalilin da ya sa yake aiki, lokacin da 1 take tsakiyar fitar da hayaƙi, 3 tana tsakiyar bugun wuta don haka na mai ɗinta ya yi nisa da buɗewa iyakar nisa, 4 kuma tana tsakiyar matse mai don haka na hayaƙinta haka. Wani zai ce maka ai Faransawa daga baya suke fara ƙirga silinda, ta wajen giyabos, gaskiya ne, amma a wannan hanyar ko ta gaban lagireto ka fara ko ta baya lissafin ɗaya yake fitowa, abin da ake so kawai in ka zaɓi gefe ka tsaya a kansa har ka gama. Ni alli nake sawa a kan duk rokar da na gama.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka zagaya duka takwas ɗin ka auna yadda ka same su ka rubuta. A taka motar ina kyautata zaton za ka tarar wasu ko 0.05 ba ta shiga, wasu ma rokar ba ta motsi ko kaɗan in ka girgiza ta da yatsa, fushrod ɗin kuma ya ƙi juyawa. Waɗanda ka samu haka musamman na hayaƙi ka ja musu layi, su ne za mu sa wa ido in motar ba ta warware ba. Kuma takardar za ta yi maka amfani nan gaba, in kowane dubawa ka ga na hayaƙin silinda ɗaya yana ƙara matsewa shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, toh bawul ɗin yana nutsewa ne cikin mazauninsa, in kuma kullum ƙara buɗewa yake toh ci ne a kamshaf ko roka ko fushrod. Bakanike ba zai tuna maka wannan ba, motoci nawa suke wucewa ta hannunsa.

Saitin kansa, ka sassauta notin kaɗan, ka zura gejin tsakanin bakin roka da kan bawul a kwance ba a karkace ba, ka riƙa juya sukurun a hankali kana jan gejin gaba da baya har ka ji yana tafiya amma da ɗan riƙo, kamar zare wuƙa daga kubenta, ba sakwaf ba kuma ba sai ka yi kokawa ba. Sai ka riƙe sukudireba gam ka ɗaure notin. Nan ne wahalar take, don ɗaure noti yana jan sukurun ya canza maka saiti, kusan kullum sai ya ɗan motsa, don haka bayan ka ɗaure dole ka sake aunawa, in ya gudu ka sake, ko sau uku ne ba komai, mu ma da muka daɗe haka muke yi. Tunda hannunka bai saba ba ga dabarar da za ta cire maka shakka, a na mai 0.10 ta shiga 0.15 ta ƙi, a na hayaƙi 0.25 ta shiga 0.30 ta ƙi, in haka ta samu ka wuce. Kar ka tura geji da ƙarfi, sifirin yana iya ba da kai ka zaci rata ce alhali bawul ɗin ka danna. Notin ma ɗauri na hankali, ya kama sosai amma ba a hau shi da ƙarfin tsiya ba, zaren sukurun nan in ya tsinke nemansa aiki ne. In kuma hannunka ya kasa tsayawa daidai, gara ya fi karkata ta wajen sakewa kaɗan da ya karkata ta matsewa.

Akwai wani abu da nake zargin shi ne asalin ƙarar da ta kai ka gareji tun farko. Motar da ta yi shekaru tana aiki, bakin rokar yana cinyewa ya yi ɗan rami daidai inda yake dukan bawul. Gejin kuma faffaɗa ne, sai ya haye saman ramin kamar gada, ya nuna maka 0.25 alhali ainihin ratar ta fi haka, ka gama saiti tsaf ƙara tana nan. Toh a nan ne mai gajen haƙuri yake ci gaba da ɗaurewa. Ka shafa bakin kowace roka da farce ko ka leƙa da fitila, in akwai rami sai an sauke ta an gyara fuskar da dutsen wasa a hankali ba tare da an ɓata lanƙwasarta ba, ko a samo wata mai lafiya. Haka fushrod, in rata tana nan ya kamata ya juya sumul tsakanin yatsunka, wanda kake zargi ka zare shi ka mirgina a kan gilashi, in ya lanƙwashe za ka gani, kuma ka mayar da kowanne ramin da ya fito. Sannan ba kowace kas-kas ce tafet ba, gaskit ɗin bakin salansa in ya fashe yana yin irinta sak musamman da safe, sarƙar taimin in ta saki tana kaɗawa ta gaban inji, famfon mai ma yana yi. Ka ɗora bakin doguwar sukudireba a wurin ka kara kunne a ƙotar, za ka ji inda take fitowa, ka dai kula da fanka da fanbel.

Baka faɗa min ko an taɓa sauke tof ɗin kwanan nan ba. In an canza gaskit ɗin tof, ana sake bin ƙusoshinsa bayan kamar kilomita 1000, kuma ɗaurin ƙusoshin nan yana canza rata, don haka su ake fara yi sannan tafet, ba a juyawa.

In ka gama ka juya injin zagaye biyu ka sake bin takwas ɗin sau ɗaya. Ka goge bakin murfi da na tof, ka sa sabon gaskit, ka duba robobin ramin fulogi don in sun bushe mai zai cika ramin ya kawo misin. Dan Allah kar ka yaɓa gam da yawa, wanda ya matso ta ciki yana gutsurewa ya gangara ya toshe rariyar famfon baƙin mai, na ga injin da wannan kaɗai ya kashe. Murfin ma a ɗaure a hankali, in ka matse shi ya lanƙwashe yoyo ba zai daina ba. Ka mayar da fulogi da wayoyi yadda ka sa alama, ka tayar.

Za ka ji ƙara ta dawo kaɗan, kar gabanka ya faɗi, ita muke nema. Bayan nan ne za a duba kwantak, ratarsa 0.40, sai taimin, kafireto a ƙarshe. Na faɗi haka ne don na san in mota tana karkarwa abin da ake fara kai wa hannu sukurun kafireto ne, kuma mai yiwuwa an riga an murɗa naka don a ɓoye karkarwar, toh yanzu da numfashin injin ya dawo za ka iya jin silo ya hau sama, sai a sauke shi.

In kuma duk an yi wannan har yanzu tana misin a silo, sai a auna kwamfureshin na silinda huɗun. Abin dubawa su yi kusa da juna, in ɗaya ta faɗi ƙasa sosai a zuba ɗan baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa, in ya tashi ringi ne, in bai motsa ba bawul ne ya riga ya ƙone ko gaskit, sai an sauke tof an canza bawul ɗin an yi girandin. Ba ƙarshen duniya ba ne, motar da aka yi shekaru ana haɗa ta a Kakuri tun da kamfanin ya fara aiki a 1975, ga wagon ga a-kori-kura ga 505 da suke dangin inji ɗaya, kayanta ba su ɓace a ƙasar nan ba, kuma har yanzu akwai dattawan da suka san ta ciki da bai, irinsu za ka nema ko da garejin ba shi da kyan gani.

Wani abu kuma tunda yanzu kowa maganar mayar da mota gas yake saboda tsadar fetur, in ka taɓa tunanin yi wa wannan, ka sani gas a bushe yake ƙonewa kuma yana sa bawul ɗin hayaƙi saurin nutsewa a tsofaffin injuna, ratar ta riƙa rufewa da kanta ba tare da wata ƙara da za ta gargaɗe ka ba, don haka dubawa sai ta ninka. A fetur ni nakan buɗe duk kilomita 10,000 ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa, amma taka tunda an matse ta an yi tafiya a haka, ka sake aunawa bayan kilomita 1000 ka gwada da abin da ka rubuta.

In ka buɗe gobe da safe ka turo min lambobi takwas ɗin yadda ka same su kafin ka taɓa komai, da kimanin kilomita nawa ka yi tun ranar da aka ɗaure, da launin bakin kowane fulogi, daga nan zan iya gaya maka ko saiti kaɗai ya isa ko ka fara neman gejin kwamfureshin. Allah ya sa a dace.